Yadda ake zaɓen keke mai naɗewa ko sikuta domin zirga-zirga bayan an sauka daga jirgin ruwa

Jirgin ruwa a kwata yake ajiye mutum, ba a ƙofar gidan da za shi ba. Daga kwata zuwa cikin gari ko kasuwa ko asibitin ƙauye, sau da yawa akwai sauran tafiya, kuma ba kullum ake tarar da ɗan acaɓa yana jira ba. Mutanen Kaduna da wannan ya shafa sun fi yadda ake zato yawa: masu sarin busasshen kifi a Yawuri da bakin tafkin Kainji, ma'aikatan rigakafi da malaman gona da ake turawa ƙauyukan bakin tafkin Shiroro, da masu bin Kogin Kaduna ta ƙasar Nufe har inda ya haɗu da Kwara a Muregi, daura da Pategi. Akwai kuma waɗanda aiki ke kaiwa Legas ko Fatakwal, inda ruwan da iskar duk da gishiri.

Ga yawancin waɗannan, abin da ya fi dacewa shi ne keke mai naɗewa mai taya inci 20, marar tarkace da yawa. Sikuta mai caji, wato ƙaramin abin hawa mai taya biyu da ake tsayawa a kai, tana da wurinta, amma wurin nata kwalta ne da tsayayyiyar wuta. Ga yadda ake kaiwa ga zaɓi, da abin da ake dubawa kafin a zaro kuɗi.

Fara da tef da sikeli, ba da kasuwa ba

Kafin ka je Kasuwar Gumi ko wajen masu kekunan tokumbo, auna wurin da keken zai zauna. Idan jirginka ne, ko na ma'aikatarku, auna tsawo da faɗi da zurfin wurin ajiyar, sannan ka auna bakin da za a zura shi ta ciki, domin sau da yawa cikin yana da fili amma ƙofar ce ƙarama. Idan jirgin haya kake shiga, auna tsakanin benci da benci. Kada ka manta da but ɗin motar da za ta kai ka kwata daga Kawo ko Mando, don nan keken zai fara kwana.

Ga ma'aunin da za ka kwatanta da shi. Brompton, wanda Andrew Ritchie ya ƙirƙira a Landan a 1975, idan an naɗe shi yana komawa kusan santimita 58 da 56 da 27. Kekuna masu taya inci 20 irin na Dahon da Tern suna kaiwa wajen santimita 80 da 65 da 35. Masu taya inci 26 irin na Montague gangar jikinsu ce kawai ke naɗewa biyu, kuma sai an cire tayar gaba, don haka a ƙaramin kwale-kwale sun zama kaya.

Sai nauyi. Keken da ya kai kilo 11 zuwa 13, hannu ɗaya ke ɗaukarsa. Da ya haura 15, za ka ji a jikinka ranar da kwatar ta zama gangare mai santsi kana riƙe da jaka a ɗaya hannun. Mai sayarwa zai ce maka "ai ba shi da nauyi, Alhaji". Ɗora shi a sikelin masu awon hatsi. Idan babu sikeli, ka naɗe shi ka ɗauka ka yi taku hamsin da shi ba tare da ka sauya hannu ba.

Akwai kuma nauyinka kai kanka. Yawancin kekuna masu naɗewa an ƙayyade musu kilo 100 zuwa 110, kuma kayan da ka ɗora ma suna cikin lissafi. Wanda ya kai kilo 90 kuma yake son ɗora kwalin kifi a kariya ya riga ya kai bakin iyaka.

Taya: nan ake yawan faɗawa rami

Ƙaramar taya tana sa keke ya naɗu da kyau, amma tana nutsewa a rairayi, tana kuma faɗawa kowane ɗan rami. Bakin kogi kuwa rairayi ne da rani, laka da damina. Taya inci 16 ta kwalta ce da siminti. Inci 20 mai faɗin 1.75 zuwa 2.0 ita ce tsaka-tsaki: tana bin burji da jar ƙasa, kuma keken bai fi ƙarfin ɗauka ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne "inci 20" iri biyu ne, ba sa shiga wilin juna. Duba gefen tayar, za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, misali 47-406. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma faɗin wili. Mai 406 ita ce irin ta kekunan yara manya da kekunan wasan tsalle, don haka ana samun taya da tiyub ɗinta kusan duk inda ake sayar da kayan keke, daga kasuwannin birni har na ƙauye. Mai 451 siririya ce, ta kekunan gudu, kuma idan ta fashe a Yawuri sai dai ka ɗora keken a ka. Haka inci 16: akwai 305, wadda ita ce ta kekunan ƙananan yara, akwai 349 ta Brompton, wadda sai an yi odarta. Brompton keke ne mai kyau ƙwarai, ba mai musun wannan, amma tayarsa da tiyub ɗinsa ba a cika samun su ba, yawancin sassansa kuma nasa ne shi kaɗai. Wanda ya saye shi ya sayi tayoyi biyu da tiyub huɗu a rana guda.

Sai bawul. Iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane mai faci ke da bakin famfonsa. Akwai siriri mai ɗan noti a kai, na kekunan gudu. Akwai kuma irin na tsofaffin kekuna mai 'yar roba a ciki, wanda yawancin tokumbon Japan ke zuwa da shi. Robar nan zafi na cinye ta, iska ta riƙa zurarewa cikin dare ba tare da huda ba. Nemi irin na mota. Idan keken da ka samu mai 'yar roba ne, sauya tiyub ɗin, ramin wilin yakan karɓa.

Tsidau da ƙayar bagaruwa su ne abokan gabar taya a hanyar ƙauye. Taya mai shimfiɗar kariya a ciki, irin Schwalbe Marathon, tana rage faci sosai. Idan ba a samu ba, a yanka tsohon tiyub a tsaye a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tiyub. Iskar da za a ba ta tana rubuce a gefenta. Ga 20 x 1.75 yawanci tsakanin 40 da 65 ne a ma'aunin mai faci. A kwalta a matsa kusa da sama, a rairayi a sassauta zuwa ƙasa, amma kada a gaza ƙaramar lambar, don wili zai tsinke tiyub wuri biyu da zarar an bugi dutse.

Gangar jiki da maɗauri

Alminiyum ba ya tsatsa irin ta ƙarfe kuma ya fi sauƙi, shi ya sa masu jiragen ruwan gishiri suka fi son sa; Dahon ma tana da samfuri mai suna Mariner da ta yi domin su. Amma idan ya tsage, mai waldan bakin titi ba zai iya masa komai ba. Ƙarfe ya fi nauyi, yana tsatsa, sai dai a Panteka za a ɗinke shi cikin minti ashirin. Ga mai bin ruwan daɗi kamar Shiroro da Kainji, ƙarfe mai lafiyayyen fenti ba laifi. Ga mai zuwa Legas, alminiyum.

Kada dai a ɗauka "alminiyum" na nufin keken gaba ɗaya. Notina, sarƙa, sifoki da wayoyin birki duk ƙarfe ne, kuma su ke fara ja. Tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu. Idan ya manne wa sifoki da ƙarfi, ƙarfe ne da aka yi wa rufi, zai yi tsatsa. Idan bai kama ba ko ya kama sama-sama, irin wanda ba ya tsatsa ne. Da shi za ka gane gangar jikin ma, tun da ba ya kama alminiyum.

Maɗaurin tsakiya da na wuyan sitiyari su ne ran keken, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Buɗe keken ka kulle maɗauran biyu. Hannun kullewar ya kamata ya fara tauri tun daga rabin hanya, ya rufe da ƙarfin tafin hannu; idan da ɗan yatsa ɗaya yake rufuwa ya saki, idan kuma sai an buga da dutse an matse shi fiye da kima. Tabbatar akwai ɗan makari na biyu da ke hana hannun buɗewa da kansa. Daga nan ka matse birkin gaba ka riƙa tura keken gaba da baya. Duk wani ƙas-ƙas ko motsi da ka ji, sa yatsa a kan mahaɗar ka gano ko daga nan yake. Ɗan motsi kan gyaru da ɗaure notin saiti rubu'in zagaye a kowane karo. Idan an ɗaure bai daina ba, ramin fil ɗin ya cinye, ka bar keken nan komai arharsa.

Sannan goge gefen waldar maɗaurin da tsumma, ka haska da fitilar waya. Siririn layi kamar gashi a jikin fenti, ko fenti sabo a wuri ɗaya tak, alamar tsaga ce. Keken da ya karye a maɗauri ba ya sallama, kuma da fuska ake sauka.

Sandar sirdi a waɗannan kekuna doguwa ce, kuma akwai zane a jikinta da ke nuna iyakar da za a zaro ta. Hau, ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai. Idan sai ka wuce zanen kafin ƙafar ta miƙe, keken ya yi maka kaɗan, kuma zaro ta fiye da haka shi ke tsaga bututun da take ciki.

Giya, sarƙa da birki

Giyar waje, mai ɗan hannu da ke rataye gefen tayar baya, ita ta fi yawa, mai 6 zuwa 8. Tana da arha, kowane mai gyara ya san ta. Matsalarta a ƙaramar taya ita ce tana kusa da ƙasa, tana kwasar rairayi da ciyawa, kuma a cikin jirgi buhu ɗaya ya danne ta ya isa ya lanƙwasa mariƙinta. Alamar hakan ita ce giya ta riƙa tsalle, ko sarƙa ta faɗa cikin sifoki. Giyar ciki, wadda ke rufe a cibiyar tayar baya kamar Shimano Nexus ko Sturmey-Archer mai 3, ba ruwanta da wannan, ana ma sauya ta a tsaye. Ita ta fi dacewa da jirgi. Idan ƙasar da za ka shimfiɗaɗɗiya ce, kamar yawancin fadamun bakin Kwara, keke marar giya ma ya wadatar, kuma babu abin da zai lalace.

Wasu kekunan, kamar Strida, bel suke amfani da shi maimakon sarƙa. Ba mai, ba tsatsa, ba baƙi a jikin kaftani. Sai dai ranar da ya tsinke babu madadinsa a kusa. Mai sa doguwar riga ko hijabi ya fi buƙatar murfin sarƙa da gangar jiki mai ƙasa-ƙasa fiye da bel.

A keken tokumbo, auna sarƙa da ruli: daga fil zuwa fil na ashirin da huɗu a gabansa inci 12 ne cif a sabuwa. Idan ya ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya. A rage kuɗin duka biyun daga ciniki.

Birki mai matse wili da roba biyu shi ne mafi sauƙin gyara. Tokumbon Japan da yawa suna da wani birkin baya mai kama da gwangwani, wanda ɗamara ke matsewa daga ciki. Idan ya jiƙe yana kuka kuma ba ya kamawa sosai. Kowane iri ne, bayan an ratsa ruwa a matsa shi sau uku ko huɗu a hankali ya bushe kafin a kai gangare.

Idan sikuta ce ranka ke so

Sikuta mai caji tana da daɗi a titin Ahmadu Bello ko daga tashar jirgin ƙasa ta Idu zuwa cikin Abuja, ba gumi, ba ɓata kaya. Amma dubi alƙalumanta. Xiaomi M365 nauyinta kilo 12.5, tayarta inci 8.5, batirinta 280 a ma'aunin wat-awa, kamfanin ya ce tana kilomita 30. Ninebot Max G30 tayarta inci 10, batirinta 551, an ce kilomita 65, amma nauyinta ya kai wajen kilo 19. Waɗannan nisan an auna su ne da mutum marar nauyi a shimfiɗaɗɗiyar kwalta cikin matsakaicin gudu. Ka ɗauki kashi biyu cikin uku ka yi lissafi da shi, a burji ma ƙasa da haka. Taya inci 8.5 kuwa a rairayi ba ta zuwa ko'ina. Kuma idan caji ya ƙare, keke ana tuƙa shi, sikuta sai jan ta.

Ƙarfin batir ana samun sa ne idan an ninka bolt da amfiya-awa: 36 sau 7.8 ya ba da 280. Yi wannan lissafin da kanka, domin kwalaye suna ƙarya. Batirin da aka ce ya ninka wannan amma bai fi shi nauyi ba, an yi masa ƙari a rubutu ne kawai.

Ga lissafin caji a jirgi. Cika batir mai 280 daga batirin jirgi mai bolt 12 yana cin amfiya-awa 23, da asarar inbata ya kai wajen 27. Batirin mota mai amfiya-awa 100 ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, ke nan kusan caji biyu. Kada a taɓa yin haka da batirin da ke tayar da inji. Cajar M365 tana ɗaukar kimanin awa biyar. Batir mai bolt 36 cajarsa 42 take fitarwa, mai 48 kuma 54.6, bakinsu na iya zama iri ɗaya, kuma sa babbar a ƙaramin batir hanyar gobara ce.

Maganar gobara ba wasa ba ce a jirgin katako mai jarkokin fetur. Batirin litiyam idan ya kama, yana ci da kansa, yana fitar da hayaƙi mai guba, yana kuma iya sake tashi bayan an kashe. Kada a yi caji ana barci, ko kusa da fetur, ko batirin yana da zafi daga tafiya. A bar shi ya huce rabin awa a inuwa. Ba a cajinsa idan zafinsa ya wuce digiri 45, kuma sikutar da ta yini a rana cikin Maris ko Afrilu ta wuce hakan. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗa ruwa, musamman na gishiri, ya gama aiki ko da ya kunna. A ajiye shi a fili nesa da ɗaki.

Lambar da ke farawa da IP tana nuna juriyar ƙura da ruwa. IP54 na nufin tana jure ƙura da fantsamar ruwa, ba nutsewa ba, kuma batirin yana ƙarƙashin inda ake taka ƙafa, wato daidai inda ruwan cikin jirgi ke taruwa. Mai niyyar hawa jirgin sama kuma ya sani ba a karɓar batirin da ya wuce wat-awa 160 a kayan fasinja, don haka M365 da Max G30 duka ba sa shiga.

Lodi da saukewa

Koyi naɗewa a gida har hannunka ya saba, kada ka tsaya koyo a kwata mutane na jira. Tsarin yawancin masu inci 20 ɗaya ne: naɗe feda, sauke sirdi ƙasa, kwantar da wuyan sitiyari, buɗe maɗaurin tsakiya, haɗe tayoyin biyu, sannan ka lura kada wayar birki ta maƙale a mahaɗa. Ɗaure tayoyin da tsohon tiyub, don ɗan maganaɗisun da ke riƙe su ba ya jure girgiza.

Sa shi a jaka. Telan da ke ɗinkin tamfol zai yi maka ita. Ƙara santimita biyar a kowane gefe, a sa hannu biyu masu ƙarfi. A cikin jirgi a ɗora shi kan katako ko buhu, a tsakiya kuma ƙasa-ƙasa, gefen sarƙa yana sama, kada a ɗora masa komai. Gaya wa mai jirgi nauyinsa tun kafin lodi, domin shi ma kaya ne, kuma lodin wuce kima na cikin abin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ke yawan gargaɗi a kai. Rigar ruwa kuma a jikinka take, ba a cikin jakar keke ba.

Wajen sauka, kada ka taka daga jirgi zuwa tudu da keke a hannu. Ka fara sauka, a miƙo maka. Inda akwai zurfi tsakanin jirgi da kwata, ɗaura masa igiya mita uku a riƙe ɗaya bakin, don keke ba ya iyo. A busasshiyar ƙasa ake buɗe shi, a duba maɗauran biyu da birki kafin a hau.

Kayan tafiya da kulawa

Ƙaramar jaka ta isa: tiyub biyu, faci da sholisho, ƙarfen cire taya biyu, ƙaramin famfo mai bakin bawul ɗinka, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, sifana 15 idan tayoyin da noti aka ɗaure su, wayar birki ɗaya, ɗan mai, tsumma, da sarƙa da kwaɗo. Sholisho yana bushewa a zafi bayan an buɗe shi, a duba kafin kowace tafiya.

Bayan tafiyar ruwan gishiri a ɗauraye keken da ruwan daɗi a ranar, a goge, a bar shi ya bushe kafin ya koma jaka. Jiƙaƙƙen keke a rufaffiyar jaka cikin mako ɗaya sarƙarsa ta yi ja. A ɗiga mai a kowace gaɓar sarƙa, a juya feda, sannan a goge na waje tas. Da hunturu wannan gogewar ta fi sa man muhimmanci, don mai da ƙura idan sun haɗu suna cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Notinan ƙarfe da ke shiga alminiyum a shafa wa zarensu giris, in ba haka ba danshi zai haɗe su su ƙi kwantuwa. Sandar sirdi ita kuma ba a sa mata giris a keke mai naɗewa: zamewa za ta riƙa yi tana kwasar rairayi. Tsumma kawai take so.

Idan keken ya faɗa ruwa aka ciro shi, zare sandar sirdi gaba ɗaya, kifa shi ruwan cikin bututu ya tsiyaye, a bar shi a rana. Cikin kwana biyu a kai shi wajen mai gyara ya buɗe cibiyar tayoyin biyu da ta feda da wuyan sitiyari, ya wanke boris da kananzir, ya sa sabon giris. A cire tayoyin ma a shanya cikin wilin, domin ruwan da ya kwanta a nan shi ke cin kawunan sifoki daga ciki.